Itacen Baka a Saman Murhun Yaya

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin Yaya, ya kara shi a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juyo ya ce, "Mama, shekara nawa kika yi kina shan taba?"

Na ce, "Taba? Wa? Yayata?" Wallahi saura ƙiris in miƙe tsaye. Matar da in mai shan taba ya gifta ta ƙofar gida sai ta toshe hanci da gefen mayafi! Na ce da shi ya sake duba hoton da kyau, ƙila na wani tsohon direba aka musanya mana. Yaya ta zungure ni da ƙafa wai in rufa mata asiri in yi shiru, sai tari ya sarƙe ta, ta duƙe tana yi har da hawaye.

Likitan bai ji haushina ba. Ya jira ta lafa, ya tambaye ta da me take girki. Ta ce da itace. Ya ce kicin ɗin yana da taga? Yaya ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Ni na amsa masa, na ce, "Da can yana da ita."

Ya ajiye hoton ya ce, "To ku saurara. Abin da ya lalace a huhunta ya riga ya lalace, ba zai dawo ba. Ɗan abin da ya rage shi za mu lallaɓa. In ta sake komawa cikin hayaƙi, kada ku ce ban gaya muku ba, ba za ta daɗe ba." Haka ya faɗa, babu kwana-kwana. Na kalli Yaya, ita kuwa takalminta take nema a ƙarƙashin kujera.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma halinmu ya sha bamban. Ni in abu ya ɓata mini rai sai unguwa kaf ta ji, ita kuwa sai ta shekara da ciwo ba ka sani ba. Mijinta mai yin baka ne, bakan harbi da kibiya, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Maharba na zuwa wurinsa, da masu gadin gonaki, daga baya har da masu harbin gasa da masu son na ratayewa a bango. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, kowa Sai-ya-bushe yake ce masa, don ita ce amsarsa ga duk wanda ya zo da gaggawa. Ka ce baka kake so, ya ce sai ya bushe. Ka ce yaushe zai bushe, ya ce in ya bushe. Ni har tsokanarsa nake yi, in ce ranar da mala'ikan mutuwa ya yi sallama ma abin da za ka gaya masa ke nan. Sai ya yi dariya ya ce, "Uwar faɗa, ke dai ɗanya aka haife ki, ɗanya za ki koma."

A wurinsa sassaƙa baka ba wani abu ba ne, aikin 'yan kwanaki ne. Aikin gaske shi ne busar da itacen. Ba ya sara sai da rani, lokacin da ganye ya zube, ruwan jikin bishiya ya sauka. Sai ya yini a daji ya dawo da sanda biyu kacal, miƙaƙƙu, masu kaurin damtse, babu ƙulli babu karkacewa. Kafin ya sha ruwa sai ya narka kakin zuma ya toshe bakin kowace sanda ta sama da ta ƙasa, domin ɗanyen itace ta baki yake fara zubar da ruwansa, in baki ya riga ciki bushewa sai ya tsage. Ɓawon ba ya ɓare shi. Ya ɗaure sandar a jikin miƙaƙƙen katako don kada ta murɗe, sannan ya ɗora ta a kan azarar kicin, a saman murhun Yaya. Nan za ta zauna damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, wani lokacin har ta uku. Ɗumin murhu yana jan ruwan a hankali, hayaƙi kuma yana korar ƙwaro. Jifa-jifa ya taka wata tsohuwar kujera ya juya su, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara kunne. Ɗanye amonsa a dakushe yake, busasshe kuwa sai ya amsa da 'yar ƙara siririya.

Abu biyu ya tsana a duniya, rana da iska, don su ne ke busar da itace da garaje. A shekarar da aka kai Yaya gidansa, iskar da ke shigowa ta tagar kicin ta tsaga masa sanduna masu kyau, tun daga baki har tsakiya. Washegari ya kwaɓa laka ya toshe tagar, ya ce ai ga ƙofa nan. Ƙofar ma ya roƙi a riƙa janyo ta in iska ta taso. Yaya amarya ce, ta ce to. A haka ta haifi 'ya'yanta, ta yaye su, ta aurar da su, fiye da shekara arba'in tana girki a ɗakin da ba shi da taga.

Kada ku ɗauka mugu ne. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kuma in ya samu, ita yake fara miƙa wa. Sai dai shi ba ya shiga kicin sai wuta ta mutu, da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da ɗakin ya huce. Mu ma masu zuwa a bakin ƙofa muke tsayawa mu yi hira, ita tana ciki, muna jin muryarta ba ma ganin fuskarta sosai. Bango ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya ta rataye a rufi. Duk mun ɗauka haka kicin yake. Tarin ma mun saba da shi, da shi yaranta suke gane ta tashi da safe.

Da muka dawo daga asibiti ban jira na zauna ba, a tsaye na zayyana wa mijin Yaya abin da likita ya ce, har da ƙari. Ya dafe kai. Can ya ce, "A daina. Daga yau a daina." Babban ɗansu ya sayo murhun gas aka ajiye a baranda, aka ja ƙofar kicin aka sa mata sakata. Yaya ta sha fama da gas ɗin nan, abinci ya yi ta ƙone mata kamar wadda ba ta taɓa riƙe ludayi ba, tana mita wai wutar ba ta jin magana. Amma tari ya ragu. Ta fara iya zuwa bakin titi ta dawo ba ta tsaya hutawa ba, kumatunta har suka ciko. Na yi murna ƙwarai, na ce an gama.

Ashe ba a fara ba.

Damina ta yi tsakiya, wata rana na shigo gidan na tarar da mijin Yaya a tsakar gida, ya sauko da sandunansa kaf ya jera su a kan tabarma. Tarin shekaru ne, wasu tun kafin a aurar da 'yar autarsu suke sama. Na yi sallama bai amsa ba. Ya ɗauki guda ya kara a gwiwa, ya ɗan danna, dannawar da ko yaro zai iya, sai ji kake ɓas! Ta karye biyu, wani gari mai laushi ya zubo daga cikinta ya rufe masa ƙafa. Ya ɗauki wata, ɓas. Ya ɗauki wata. Na matso na duba, jikinsu duk ƙananan huji ne kamar an yi da allura, wasu kuma funfuna ta yi musu fari a ƙarƙashin ɓawo.

Na ce, "Innalillahi! Me ya same su?"

Ya ce, "Ƙwaro." "Na san hayaƙi ke korar su. Na sani sarai. Amma na ɗauka tunda sun sha shekaru sun wuce nan. Ashe kullum ne, uwar faɗa. Ashe sai kullum."

Yaya tana tsaye a baranda da ludayi a hannu, miya na ɗiga a ƙasa ba ta sani ba.

Guda uku ne kawai suka tsira, waɗanda ya saro da ranin da ya wuce, su ne daidai saman murhu inda kunkunniya ta fi kauri. Ɗanyu ne shar, kakin bakinsu ko duhu bai yi ba. Kuma kowa a gidan ya san su ne na ƙarshe, don da ƙyar gwiwoyinsa suka dawo da shi daga wannan tafiyar, ya kwanta ya yi ta jinya. Ya gwada yi musu hayaƙi da kansa a bayan gida, ya kafa 'yar rumfa ya hura wuta a ƙarƙashi. Wutar ta tashi sama, bakin guda ya fara darewa, ya kwashe su a guje ya mayar kan azara. Kicin kuwa ya ce ba za a sake hura wuta a ciki ba, tunda bango ɗaya ne da ɗakin Yaya. Daga nan mutumin ya zube. A kawo masa abinci ya tura gefe. Ya zauna yana wasa gizagon da ba abin da zai sassaƙa da shi. Na tsokane shi, ya kalle ni kawai. Da safe sai ya ja ƙafa ya tafi rumfar abokinsa maƙeri ya zauna har rana ta take, don kada ya riƙa ganin ƙofar kicin.

Bayan wani ɗan lokaci sai na lura tarin Yaya ya dawo, irin mai zurfin nan da ke lanƙwasa ta. Na tambaye ta, ta ce sanyin damina ne. Na yarda, don me zai hana in yarda?

Sai wata safiya na zo ba zato, tun daga soro hancina ya gaya mini. Na shigo tsakar gida, murhun gas a kashe, baranda ba kowa. Hayaƙi ne ke silalowa ta ƙarƙashin ƙofar kicin. Na zaci gobara ce, na yar da jakata na banke ƙofar.

Yaya ce a tsugune gaban murhu. Babu tukunya a kai, babu komai. Tana tura 'yan ƙananan itace, tana yafa toka a kan garwashin don kada ya kama da wuta. Idanunta jajur, ta ɗaure hanci da wani tsohon ɗankwali, kamar shi zai yi mata wani abu.

Na ƙwala ihu na ce, "Yaya! Kin haukace ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Janyo ƙofar, iska na shigowa."

Na cafki hannunta na ja ta waje, ba ta da nauyin da za ta yi mini gardama. Na zaunar da ita a baranda, ta yi tari har na zaci ba za ta ɗago ba. Na ce, "Mutuwa kike nema? A kan itace? Shi ya sa ki, ko?"

Ta ce, "Bai sani ba. In ya fita nake yi, kafin ya dawo na kashe."

"To saboda me, don girman Allah? Don kada ya ƙi cin abinci? Ya ƙi mana, in yunwa ta kama shi zai ci!"

Ta share baki, ta kalle ni irin kallon da ba ta yi mini ba tun ina ƙarama. Ta ce, "Auta, ke kin ɗauka shi kaɗai yake yin bakan nan? Shi ya san itace, ni na san wuta. Ya san ranar da zai sara, amma bai san irin hayaƙin da ɗanye yake so a farko ba, da irin wanda yake so in ya kwana biyu. In harshen wuta ya tashi, ya tsage. In aka sa jiƙaƙƙen itace, ya ja laima ya yi wari. Shekara da shekaru ina girki, ido ɗaya a tukunya ido ɗaya a sama. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya taɓa tambayata. Duk bakan da ya fita daga gidan nan da hannuna a ciki. Waɗannan ukun nawa ne kamar yadda suke nasa, kuma ba zan zauna ina kallo ƙwaro ya cinye su ba."

Yayata ce, tare muka tashi, amma ban taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan a kan kanta ba. Na ce, "Likita fa?"

Ta ce, "Damina biyu ce kawai."

"Damina biyu! Kina da ita?"

Ta riƙo zanina ta ce in yi mata alƙawarin ba zan faɗa masa ba. Na ce, "Ki yafe ni, Yaya, amma wannan ban iya ba." Na fizge na fita.

Na bi layin nan ina tafiya ina kuka ina zage-zage, mai kanti na gaishe ni ban ko kalle shi ba. Na sami mijin Yaya a rumfar maƙeri, ya jingina da bango yana kallon zuga-zugi. Na ce, "Taso." Ya ce lafiya? Na ce, "Ka taso na ce." Maƙerin ya ajiye guduma yana kallonmu. Mijin Yaya bai sake tambaya ba, ya biyo ni yana ɗingishi.

Ban yi masa bayani ba, don na san bakina ba zai iya ba. Na kai shi ƙofar kicin. Garwashi na nan da ransa, na ƙara itace daidai wanda ake sawa in za a ɗora tukunya, na tura masa 'yar kujerar tsugunon Yaya na ce, "Zauna nan." Ya ce, "Wa ya hura wuta?" Na ce, "Matarka. Kullum in ka fita. Zauna ka ga inda take zama." Na fito na janyo ƙofar, na riƙe ta gam.

Ba a jima ba muka ji tari. Sai wani tarin a kan wancan. Sai ya fara buga ƙofa da tafin hannu. Ni kuwa na kafe ƙafafuna, raina ya gama ɓaci. Yaya ta taso da ƙyar tana dafa bango tana cewa, "Ki buɗe masa! Auta, ki buɗe masa, ba ya iyawa!"

Na ce, "Ke kina iyawa?"

Na buɗe. Ya fito a duƙe, hannu ɗaya a ƙasa, hawaye da majina sun haɗe masa, hularsa ta faɗi a ciki. Ya zube a tsakar gida yana jan numfashi. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a ɗan zaman da ya yi. Da ya samu magana, ba ni ya kalla ba, Yaya ya kalla. Ya ce, "Haka yake?"

Ta kawar da kai gefe.

"Haka yake kullum? Safe, rana, dare?"

Ta ce, "Ana sabawa, Malam."

Ya yi ta kallonta. Ni da na ja shi nan don in ga ya ji kunya, sai tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba. Ya tambaye ta tun yaushe ta koma. Ta ce tun ranar da ya mayar da su kan azara.

Ya miƙe. Ya ɗauki bokitin ruwa ya shiga ya sheƙa a murhu, tururi da toka suka turnuƙe. Muka ji ya ja tsohuwar kujerarsa. Ya fito da sandunan uku a kafaɗa, ya ajiye su a tsakar gida, ya kwance igiyoyin. Sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da zarto.

Yaya ta ce, "Malam, me za ka yi?"

Ya taka ta farko da ƙafa ya sa mata zarto a tsakiya. Ɗanyen itace ne, yana cije zarton, wani ɗanyen ƙamshi na tashi. Mutumin da ba ya yarda ko jikansa ya tsallaka sandar nan! Na toshe baki da hannu biyu. Ta rabu biyu, ya jawo ta biyun.

Yaya ta fashe da kuka, kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da likita ya yi maganarsa. Ta ce, "Ba naka ba ne kai kaɗai! Ka tambaye ni? Ko ɗaya ba za ka bar mini ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "In na bar ɗaya, gobe za ki hura wuta."

Ta san gaskiya ya faɗa.

Ya jawo ta ukun, wadda ta fi duka miƙewa. A lokacin ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ba ya gani sosai saboda hawaye. Ya ɗora zarto, sandar ta mirgine. Ya sake ɗorawa, zarton ya zame ya kusa yankar masa yatsa. Na yunƙura zan je, Yaya ta tare ni da hannu. Ta sauko daga baranda a hankali, ta tsaya ta yi tarinta ta gama, ta durƙusa a gabansa. Ta shafa sandar tun daga wannan baki har wancan, sannan ta danne ta da hannu biyu.

Ta ce, "Yanka. Na riƙe."